Faifan da Baba ya sani

'Yar uwa, idan kin taɓa jinyar tsoho mai gigin tsufa, kin san abin da la'asar take zuwa da shi. Da safe Baba ƙalau yake, daidai gwargwado. Zai sha kokonsa, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya amsa gaisuwa ko da bai gane mai gaishe shi ba. Amma rana tana karkatawa, inuwar darbejiyar tsakar gida ta kai bakin famfo, sai ya fara lalubar takalmansa. Gida zai tafi. A cikin gidan da ya gina da guminsa a Kaduna, ya aurar da 'ya'ya shida a cikinsa, yake jan ƙafa da sandarsa zuwa bakin ƙofa yana cewa a buɗe masa kada dare ya yi masa a hanya. A wannan lokacin ba ya karɓar abinci, ba ya karɓar magani. Maganin hawan jininsa na yamma kuwa ba na tsallakewa ba ne, don hawan jinin ne ya kayar da shi shekara uku da suka wuce, ɓarin jikinsa na hagu ya yi rauni, mantuwa ta biyo baya.

Aikina jinya ne. Na sha ganin wannan ruɗewar ta yamma a wajen iyayen wasu, na sha kuma tsayawa da fararen kaya ina ba 'ya'yansu shawara cikin sanyin murya: kada ku yi masa gardama, ku kunna fitila da wuri, ku rage hayaniya. Da abin ya zo kan nawa uban, sai na ga ashe shawarar a baki take da sauƙi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina zanin goyo "Uwata" yake kirana. Yanzu na koma "Sista". Yana ganina sai ya gyara zama ya ce, "Sista, yau dai ba allura ko?"

Umma ce ta fara lura. Wata yamma yana tsaye a bakin ƙofa yana jijjiga sakata, sai ta taɓo ni ta ce, "Ke, saurara ki ji abin da yake yi da baki. Waƙar motar nan ce."

Waƙar mota. Nan take na ji warin kujerar tsohuwar Fijo 504 ɗinmu. Baba malamin makaranta ne. A tsakiyar shekarun 1970 aka tura shi kwas na shekara guda a Ingila, ya bar Umma da goyon fari. Abin da ya dawo da shi, bayan kwat mai nauyi da ba ta da amfani a Kaduna, shi ne faifan garmaho guda na wasu mawaƙa biyu 'yan Amurka, Simon da Garfunkel. Daga baya ya sa aka juye masa faifan a kaset, kowane gefe na faifan a gefe guda na kaset ɗin. Duk Sallah idan za mu Zariya gaida kakanni, daga Kawo yake tura kaset ɗin nan. Mu yara muna baya a matse, ba mu san me ake faɗa ba, amma mun haddace kowace gaɓa. Faifan ya lanƙwashe a zafin sito tun ban shiga sakandare ba. Kaset ɗin kuma rediyon mota ta tauna shi, Baba ya yi ta naɗe zaren da biro har ya haƙura.

Sai na ce a raina, ai wannan mai sauƙi ne. Waya tana hannuna, data akwai.

Bari in ɗan gaya miki su wane ne mutanen nan, don na san yawancinmu ba da su muka tashi ba. Paul Simon da Art Garfunkel 'yan yanki ɗaya ne, Queens a birnin New York, dukansu haihuwar 1941, kuma tun firamare suka san juna. Simon ke rubuta waƙa yana kaɗa jita, Garfunkel ke da siririyar muryar nan mai tashi sama. Faifansu na farko ya fito a 1964 bai yi kasuwa ba, har Simon ya tattara ya tafi Ingila yana waƙa a ƙananan wurare. A 1965 wani mai shirya faifai, Tom Wilson, ya ɗauko waƙarsu guda, "The Sound of Silence", wadda suka yi a sanyaye ba ganga, ya ɗora mata jitar lantarki da ganguna ba tare da ya gaya musu ba. Farkon 1966 sai ga ta a saman jerin waƙoƙin Amurka. Ki ɗauka kamar a ce an samu waƙar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai, wani ya shiga situdiyo ya jera mata kayan kiɗan zamani a bayansa, shi kuma sai dai ya ji ta a rediyo. Wannan gamin na salon gargajiyarsu da kiɗan lantarki shi suke kira folk-rock. Faifai 5 kacal suka yi a situdiyo, suka rabu a 1970, shekarar da "Bridge over Troubled Water" ta fito.

Matsalar ita ce abin da ya biyo bayan rabuwar. Tarin fitattun waƙoƙinsu da aka yi ta fitarwa ya fi faifansu na asali yawa. Da na rubuta sunansu a waya, sai ga su jere kamar zannuwa a Kantin Kwari. Akwai na 1972 mai waƙa 14. Akwai The Best of Simon and Garfunkel na 1999 mai waƙa 20. Akwai Old Friends na 1997, akwati guda mai CD 3. Akwai The Essential na 2003 mai CD 2. Ga kuma faifan wasan da suka sake haɗuwa suka yi a dandalin Central Park a watan Satumba na 1981, wanda aka ƙiyasta mutum 500,000 suka halarta. Ni kuwa ban san sunan faifan Baba ba. A jikin kaset ɗin "Turanci" kawai ya rubuta da jan biro, don ya bambanta shi da na Shata.

Na yi lissafi irin na kasuwa. Kuɗi ɗaya, mudu biyu, ai wanda ya fi cika za ki ɗauka. Akwatin CD 3 ya yi yawa ga tsoho, na 1972 kuma na ga kamar an rage masa hanya. Sai na ɗauki na 1999. Sautinsa tas, waƙoƙin an jera su kusan bisa shekarun da suka fito, kuma duk sunan da na tuna yana ciki. Har ina yaba wa kaina cewa na ƙara wa Baba waƙa shida kyauta.

Ranar na dawo daga aikin safe, na sayi 'yar ƙaramar sifika, na ajiye ta a kan teburin da ke gefensa bayan sallar la'asar. "The Sound of Silence" ce ta buɗe. Ya karkata kai, ya yi shiru, na ji zuciyata tana bugawa. Ta biyu ta shigo, "Homeward Bound", wadda na tabbata ita yake yi da baki a bakin ƙofa. Sai na ga ya ɗaure fuska. Zuwa ta huɗu, wata da ni ma ban taɓa ji ba, ya daki hannun kujera ya ce, "Wane ne ya taɓa mini kaset?" Ya miƙe. Daren nan sai wajen ƙarfe goma muka samu ya haɗiyi magani, shi ma sai da ƙanena ya zo. Na sake gwadawa kwana biyu a jere, duk kanwar ja ce. Na yanke hukunci cewa waƙa ba ta yi masa, na mayar da sifikar kwalinta.

Umma ba ta yi Turanci mai zurfi ba, amma ta yi shekara ashirin a gaban motar nan. Ita ce ta ce, "Ni fa abin nan da kika sa, kamar ita ce, kamar ba ita ba. Ina tafin?"

Na kira babban yayanmu a Legas na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Tafi kai! Kin manta Baba yakan saki sitiyari ya taya su, Umma ta ce, Malam ka riƙe mota da yara a ciki?" Ya kuma tuna bangon faifan, don shi ya girma da garmaho a falo: ɗaya da gashin baki da hula, ɗayan mai tulin gashi.

Wannan bangon na faifan 1972 ne, Simon and Garfunkel's Greatest Hits, wanda na raina. A nan na gane abin da ban sani ba game da irin waɗannan tarin. Sunan waƙa ɗaya ba ya nufin waƙa ɗaya. A cikin 14 ɗin nan, guda huɗu ba na situdiyo ba ne, a gaban jama'a aka ɗauke su: "For Emily, Whenever I May Find Her", da "The 59th Street Bridge Song", da "Kathy's Song", da ita "Homeward Bound" ɗin. Wadda na sa wa Baba ta situdiyo ce, mai ganga. Wadda ke kansa murya biyu ce da jita, ta ƙare da tafin jama'a, kuma tafin bai gama mutuwa ba fiyanon "Bridge over Troubled Water" yake shigowa a ƙarƙashinsa. Duk mai sauraron Shata ya san wannan. Waƙa guda zai yi ta a wurare dabam dabam, kowace da tafiyarta, kuma wanda ya saba da ɗaya yana jin ɗayar zai ce miki ba ita ba ce.

Sai kuma jeri. Faifan 1972 da "Mrs. Robinson" yake buɗewa, sai "For Emily", sai "The Boxer". "The Sound of Silence" ta biyar ce, ba ta farko ba. Gefen farko yana rufewa da "Scarborough Fair", tsohuwar waƙar gargajiyar Ingila da Simon ya koya a can wajen Martin Carthy. Gefe na biyu yana farawa da "Homeward Bound", ya ƙare da "Cecilia". Mutumin da ya ji abu a jeri ɗaya sau ɗari, kunnensa yana fara waƙa ta gaba tun kafin ta shigo, kamar yadda ƙafarki ta san matakalar gidanku a cikin duhu. Ki ce an zo da dare an canja tsayin matakala ta biyu. Abin da na yi wa Baba ke nan. Mutum ne da komai na duniya ya riga ya sauya masa wuri, fuskokin 'ya'yansa ma sun zama na baƙi, sai na kawo masa abu guda da ya rage a inda ya bar shi, shi ma a hargitse. Kuma abin kunyar, na san wannan a wajen aiki: abin da ya shiga tun da daɗewa aka yi ta maimaita shi ya fi daɗewa a kan mai wannan ciwo fiye da abin da ya faru jiya. Hausawa suna cewa sabo turken wawa. A ɗakin jinya na ga sabo ya zama turken da ya hana mutum ɓacewa gaba ɗaya.

Ranar Alhamis na sauke faifan 1972 a waya tun ina asibiti, na duba sau biyu cewa ban bar alamar nan mai cakuɗa jerin waƙoƙi a kunne ba. Ya riga ya sa takalmi ɗaya lokacin da na kunna. Jitar "Mrs. Robinson" tana tashi sai ya tsaya da ɗayan takalmin a hannu. Bai ce komai ba. Ya koma ya zauna. Da aka zo tafin farko, ya ɗaga hannun dama ya bubbuga shi a kan na hagu mai raunin, sau biyu. Umma ta tashi ta shige ɗaki, na san abin da ta je yi.

Waƙa bakwai yana zaune, idonsa a kan taga. "Scarborough Fair" tana ƙarewa, kafin wayar ta wuce ta gaba, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Uwata, juya mana kaset ɗin, mun zo Jaji."

Ban san lokacin da na danna tsayawa ba. A mota, gefen farko yakan ƙare, zaren ya yi ta tafiya ba komai a kansa na wasu mintuna, sai wajen Jaji kaset ɗin ya tsaya, kuma wadda take zaune a tsakiya a baya ita ke miƙa hannu ta juya. Ni ce 'yar tsakiya. Na ɗauki wayar, na kife ta a kan tebur yadda zai ji ƙarar, na sake ɗagowa na danna. "Homeward Bound" ta shigo, waƙar mutumin da ke zaune a tashar jirgin ƙasa yana begen gida. A Ingila Simon ya rubuta ta, har akwai allon tunawa da ita a tashar Widnes kusa da Liverpool. Ban taɓa tambayar Baba a wane ɗaki mai sanyi ya fara jin ta ba, yana da mata da jariri a nisan duniya, yanzu kuma ba wanda zan tambaya. Ana cikin "Bridge over Troubled Water" na miƙa masa ƙwayoyinsa biyu da ruwa, ya karɓa ya haɗiye kamar goro aka ba shi.

Kada ki ɗauka warkewa ya yi. Wannan ciwo ba ya komawa baya. Wata huɗu ke nan, sau biyu kawai ya ƙara ce mini Uwata. Akwai ranar da zai ce a kashe, surutu ya yi yawa. Akwai ranar da zazzaɓi ko ciwon mara ke damunsa, waƙa ba ta yi masa komai, kuma in ruɗewar tsohonki ta ƙaru farat ɗaya, asibiti za ki kai shi a duba, ba sifika za ki nemo ba. Abin da muka samu shi ne kimanin minti 45 tsakanin la'asar da magariba, a mafi yawan ranaku, da yake zaune a mota a hanyar Zariya maimakon tsaye a bakin ƙofa. A cikinsu muke ba shi magani da tuwo. Ana kiran salla muke kashewa, kamar yadda shi ma yake yi da can.

Na san a cikinku akwai waɗanda ba a kiɗa a gidajensu, kuma ban zo yin gardama a kan wannan ba. Amma abin da na koya ya shafe ku ku ma. Da asuba karatun Alƙur'ani muke sa wa Baba, ba kuma ina haɗa shi da waƙa ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da na lura shi ne ko a nan ɗin ma kunnensa yana da wanda ya sani. In muka sa ƙira'ar matasan alarammomin da 'ya'yana ke so, yana saurare cikin ladabi. In muka sa Abdulbasit Abdussamad, wanda ya saba ji tun yana saurayi, sai ki ga leɓensa yana bi. Idan za ki nemo wa tsohuwarki wani abu da ta saba ji, tafsiri ne ko waƙar Barmani Choge, ki tambayi waɗanda suka zauna da ita a lokacin: wanne ne, da me yake farawa, me ke bin me. Ki sauke shi a waya tun kafin lokacin, don wasu manhajojin kyauta suna cakuɗa jeri, suna kuma jefo talla a tsakiya. Ranar da tallan caca ya faɗo mana ana cikin "Kathy's Song", sai da muka koma farko.

Wani abu kuma, tunda mu iyaye ne kuma yaran yanzu suna jin Turanci fiye da yadda muka ji. Waƙoƙin nan a kunne sanyi gare su, amma ba duka ne na yara ba. "Mrs. Robinson" daga fim ɗin The Graduate na 1967 ta fito, labarin matar aure da ta nemi saurayi sa'an 'yarta, kuma a cikin waƙar an ambaci Annabi Isa bisa fahimtar Kiristoci. "Cecilia" kuwa, wadda muke tafawa muna tsalle a kujerar baya don ita ce alamar mun kusa shiga Zariya, sai da na girma na gane kukan namiji ne a kan macen da ta ci amanarsa. 'Yata mai shekara tara ta tambaye ni me Cecilia ta yi, na ce mata rashin alƙawari. Umma har yau ban fassara mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. "El Condor Pasa" ita ce ba ta da abin ɓoyo. Wani mawaƙin ƙasar Peru, Daniel Alomía Robles, ya tsara kiɗanta a 1913, kuma busar cikinta takan sa Umma ta ce sarewar Fulani ce aka kai Turai.

In kuwa don kanki kike so, ba wanda za ki tayar wa da tsohon tunani, gaskiya na 1999 ya fi. Ban goge shi ba. Shi nake ji a Keke Napep in zan tafi aikin dare. A cikinsa na tsinci "The Only Living Boy in New York", wadda Simon ya rubuta lokacin da Garfunkel ya tafi Meziko yin fim ya bar shi shi kaɗai da aikin faifansu na ƙarshe. Ba ta cikin faifan 1972, Baba bai san ta ba, ni kuma ba zan sa masa ba.

Ranakun da nake aikin yamma, 'yata ce ke zama da wayar Umma a gefen kakanta. Na koya mata ta ƙirga waƙa bakwai ta tsayar, ta jira. Wani lokaci yana cewa a juya, wani lokaci ba ya cewa. In bai ce ba, takan ƙirga ashirin a zuci, ta kife wayar a kan tebur, ta ɗago ta, ta ce, "Kaka, mun zo Jaji."